Gawayin da Ba Na Girki Ba

Ku samarin da ke zama a bakin shagon cajin waya, ina jin abin da kuke faɗa in na wuce. Kun ce Baba Idi bai san aikin wahala ba, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan benci yana gadin gawayi. Ban ga laifinku ba. Wanda ya hango ni daga titi abin da zai gani ke nan: inji yana gunji, duro biyu a jere, dogon bututu ya miƙe sama, ni kuma ina zaune. Amma tunda wasu cikinku sun fara tambayar ko ana ɗaukar ma'aikata a irin wannan aiki, gara ku san abin da ke cikin duron.

Aikina na farko a wannan sana'a a wata gonar tumatir ne, wajen Kadawa. Tankar fetur ta faɗi a bakin titi, mutane suka kwashi abin da suka iya kwasa, sauran ƙasa ta shanye. Ganye ya ƙone, aka sake shuka, ya sake ƙonewa. Daga baya wani kamfani ya zo daga kudu, aka ce ana neman lebura masu haƙa. Ni a lokacin ƙwadago nake yi a gonakin albasa, karatuna bai wuce firamare ba, sai na bi sahu.

Shugaban ma'aikatan wani dattijo ne, Malam Haladu, mutumin ƙasar Zazzau da ya daɗe a kudu yana aikin mai. Wata rana ya same ni na koma kan wani mahaɗin bututu ina sake gwada shi da sifana.

"Kai Idirisu, wannan ba ɗazu ka ɗaure shi ba?"

"Na ɗaure, Malam. Zuciyata ce ba ta kwanta ba."

"Ka duba na can ma?"

"Na duba. Zan sake."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ajiye shebur ɗin nan. Irinka nake nema. A aikin nan mai kwanciyar zuciya shi ke kashe mutane."

Shi ya koya mini cewa fetur ɗin da ya nutse ba ya zama wuri ɗaya. Yana zama tururi a tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ya riƙa rarrafe ta ƙarƙashi, ya ɓulla a rijiya, ko a masai, ko a tsagar daɓen ɗakin da yara ke kwana. Aikinmu shi ne mu zuƙo shi kafin ya kai can. Ana kafa bututan roba masu tsaga-tsaga a cikin ƙasa, a rufe saman filin da leda mai kauri, a danne da jar ƙasa, sai a haɗa bututan duka da injin zuƙa. Wannan ɓangaren kowa yana iya shi. Inda aikin yake shi ne bayan an zuƙo. Tururin da ka ciro daga ƙasa in ka sake shi a iska, ba ka gyara komai ba, ɗauke wa rijiya kawai ka yi ka ba hancin mutane.

Shi ya sa iskar take bi ta cikin duron gawayi kafin ta fita. Gawayin ba irin na kasuwa ba ne. Da ɓawon kwakwa ake yin sa a wata ƙasa, ƙwayarsa kamar ta alkama, baƙi wuluk, ba nauyi. An ce kowace ƙwaya cike take da ƙofofin da ido ba ya gani, a nan tururin ke maƙalewa. Ni ban taɓa ganin ƙofofin ba, amma na ga aikinsu. Iska takan shiga tana ɗoyin fetur, ta fita ba wari.

Sai dai gawayi yana ƙoshi. In ya ƙoshi ba ya canza launi, ba ya yin wata alama, tururi kawai yake bari ya wuce. Don haka duro biyu ake jerawa, na gaba da na baya, da ɗan bawul a tsakaninsu. A nan ake sa bakin mita, wata 'yar na'ura kamar rediyon hannu mai auna tururi. In lambar ta fara hawa, na gaba ya cika. Sai ka kashe inji, ka cire shi, ka matso da na baya gaba, ka sa sabo a baya. Wanda ya cika ka toshe bakinsa da kyau, ka shafa masa jan fenti, ka mirgina shi inuwa ya jira motar da za ta kai shi inda ake sarrafa irinsa.

Malam Haladu bai yarda in dogara da hancina ba. Ranar da na ce masa ban ji wari a gindin bututu ba, sai ya aike ni sayen goro a bakin titi. Da na dawo, tun daga nesa warin ya dake ni.

"Ka ji?" ya ce. "Hancin da ya wuni a wari ya daina faɗin gaskiya. Mita za ka tambaya."

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Ruwan sabulu a gwangwani, ana shafa wa mahaɗai, in kumfa ta taso akwai yoyo. Tsumma a ɗaure a kan sanda don ka san inda iska ta nufa da gidan wa ke can. Bayan hannunka, wanda kake taɓa jikin duro da shi, domin in tururi ya yi yawa gawayin yana ɗaukar zafi, har yana iya kamawa daga ciki. In ka ji ɗumi ya wuce misali, ka buɗe bawul ɗin iskar waje ka sirka. Ba taba, ba ashana, ba buga ƙarfe a kan ƙarfe. Ni ko na rufe wuri na kama hanyar gida, sau da yawa ina juyo keke in dawo in sake taɓa duron.

Aikin wani injin casar shinkafa a Kura shi ya nuna mini halin masu ba da aiki. Tankin man gas ɗinsu ne ya yi yoyo. Mai wurin, wani Alhaji mai fara'a, ya zo ya tsaya yana kallon duron.

"Malam Haladu, wai wannan gawayin dole ne? A ƙara wa bututun tsawo mana. Sama ai faɗi gare ta."

"Ranka ya daɗe, tururin mai ya fi iska nauyi. Ko ka kai shi saman rimi, ƙasa zai dawo. Kuma masu shanyar shinkafarka ne a ƙasan."

Alhajin ya ce to a bar shi, amma fuskarsa ba ta ce haka ba. Kusan duk haka suke. Bututu suna ganin sa, inji suna jin ƙararsa, amma gawayi abu ne da ake saya don a hana abin da ba a gani, kullum shi ake fara tunanin yankewa.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da ƙasarmu ta noman rani, wadda ko mutanen kudu sai da suka zo suka koya. In aka saki ruwa a kanal, manoma suka fara ban ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa. Sai inji ya fara zuƙo danshi, wani lokaci har ruwa tsagwaro. Jiƙaƙƙen gawayi kuwa ba ya kama komai. Akwai tukunyar ƙarfe kafin duro wadda ke tare ruwan, amma sai an riƙa zubar da shi a mazubi na musamman, don shi ma gurɓatacce ne. Na koyi tambayar manoma yaushe layinsu na ruwa, in rage ƙarfin inji tun kafin ruwan ya iso.

Aikina mafi tsawo, kuma na ƙarshe, a wani tsohon gidan mai ne a hanyar Bunkure. Tankin da ke binne ya yi tsatsa, ya daɗe yana zuba ba wanda ya sani, sai da rijiyoyin unguwar da ke baya suka fara wari. A lokacin Malam Haladu ya tsufa ya koma gida, aka bar mini wurin. Injiniyar kamfanin, Injiniya Binta, tana Kano, takan zo dubawa. Mace ce mai sanin aikinta, ba ta taɓa raina tambayata ba ko da na maimaita.

Gidan da ke jingine da shingenmu na Gwaggo Lami ne, tsohuwa ce da mijinta ya rasu. Sana'arta turara shinkafa, kamar yawancin matan unguwar. Takan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, a kai inji. Da wannan take riƙe da surukarta da jikoki. Rijiyarta ce ta fi kowace wari, kuma ɗakin jikokin shi ya fi kusa da inda tankin yake. Da aiki ya yi nisa warin ɗakin ya ragu, har suka koma rufe taga da sanyi. Tun daga nan ba ranar da ba ta miƙo mini kwanon abinci ta saman shinge.

Matsalarta kullum makamashi. Itace ya yi tsada, ɓuntun shinkafa kuma hayaƙi gare shi ba ƙarfin wuta. Ranar da ta ga ina zuba sabon gawayi a duro, ta leƙo.

"Idi na gawayi, wai wanda ya gama aiki ina kuke kai shi?"

"Mota ke ɗauka, Gwaggo."

"A kai wa wa? Mu da ke jin ƙarar injinku ba mu da murhu?"

"Guba ce a cikinsa."

"Ikon Allah. Da ka ce mini magani ne, shi ke tsotse warin rijiyata. Yau kuma ya zama guba?"

"Ai tsotsewar ce ta mai da shi guba. Duk abin da ya fita daga ƙarƙashin ɗakinku yana cikinsa."

"To in ya shiga wuta ya ƙone, shi da gubar. Kai dai ka ce rowa gare ka."

Na yi mata bayani cewa zafi yana korar tururin ya fito tun kafin ya ƙone, wanda ke tsugune a bakin murhu shi zai shaƙa. Ta ce ta ji. Washegari ta miƙo kwano tana cewa, "Karɓi, marowaci."

Muguwar shekarar ta fara ne da rani. Mai filin da kamfanin suka saɓa, magana ta kai kotu. Sabon gawayi ya daina zuwa, motar kwashe tsoho ma ta daina. Duro masu jan fenti suka taru a rumfa har ba wurin wucewa. Na rage ƙarfin inji don gawayin da ya rage ya daɗe. Na rufe wasu bututan na bar na wajen gidan Gwaggo kawai. Duk da haka ranar ta zo da na sa mita a bayan duro na ƙarshe, lambar ta hau. Na share bakin mitar na sake gwadawa. Na kai ta can gefen gona ta sha iska mai kyau, na dawo na sake. Lambar ba ta sauka ba.

Na kira Injiniya.

"Injiniya, na baya ma ya cika. In na bar inji, ta sama zan hura musu. In na kashe, ta ƙasa zai koma musu."

Ta ce, "Na sani, Malam Idi. Tsumman ina ya nufa?"

"Cikin unguwa."

"Kashe. Ta ƙasa a hankali yake tafiya, wataƙila kafin nan a sasanta."

Na kashe. Ba a sasanta ba. Aka sallami mai gadi, aka zo aka ɗauke janareta da injin zuƙa, aka bar duron. Ni ba wanda ya ce in ci gaba da zuwa, ba kuma wanda ya ce in daina, sai na ci gaba. Kafin damina ta ƙare jikokin Gwaggo sun koma kwana da taga a buɗe.

Kun san al'adar nan tamu, wadda aka ce tun zamanin haƙa kanal ake yin ta. In kamfani ya gama aiki ya tafi, abin da ya bari, katako ne, kwano ne, guntun rodi ne, mai unguwa ne ke raba wa maƙwabtan da suka jure ƙarar aikin. Ba sata ba ce. Da rana ake yi, a buɗe da addu'a, kuma matan da mazansu suka rasu ake fara ba. Da kaka ta yi, turara ta kankama, itace ya gagari kowa, sai mai unguwa ya aiko a kira ni.

"Malam Idi, mutanen nan sun tafi ko ba su tafi ba?"

"Ranka ya daɗe, kayansu na nan."

"Injinsu na nan?"

"Sun ɗauke."

"To abin da suke so sun ɗauka. Wanda suka bari na jama'a ne. Mata suna ƙona tsumma da leda, ga gawayi a kulle."

Na faɗa masa duk abin da na sani. Ya saurara da kyau, ba mutumin banza ba ne. Wani a cikin 'yan majalisarsa ya ce, "Ko dai Malam Idi ya yi wa kayan ciniki ne a ɓoye?" Aka yi dariya. Wani ya ce shi ya taɓa ganin gawayin da idonsa, baƙi ne kamar kowane gawayi. Na roƙi a jira in je Kano in dawo. Mai unguwa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ni na ɗauka amincewa ce.

A Kano na sami Injiniya tana haɗa kayanta, ita ma an sallame ta. Duk da haka ta zauna ta yi ta kiran waya, ta kira masu motar, ta kira wasu ofisoshi. Kowa ya ce sai mai kayan ya nema da kansa, mai kayan kuwa kotu ba ta faɗi ko wane ne ba. Ta rako ni bakin titi ta ce, "Ka roƙi mutanen unguwar, Malam Idi. Abin da ya rage mana ke nan."

Da la'asar na sauka a mahaɗa, tun daga nan hancina ya gaya mini. An ɓalle kwaɗon rumfa, an buɗe duron duka. An yi rabo cikin tsari, gida gida, ba rigima. Duron da aka juye ma an raba, don sun dace da turara. Gwaggo Lami ce ta farko a layi, kuma da yake ita ta fi kusa da shinge aka ƙara mata.

Na bi gidaje ina sallama. Wasu mazan suka ce za su yi wa iyali magana. Wata ta amsa mini daga bayan labule cewa ba su taɓa samun gawayi mai albarka irin wannan ba, in an barbaɗa a kan ɓuntu ba ya neman kananzir, ashana ɗaya ta ishe shi. Na ce wannan kamawar ita ce fetur ɗin. Ta ce, "To Allah ya saka wa fetur ɗin." Ba gidan da ya mayar da ko gwangwani. Kwanakin nan duk unguwar warin gidan mai take, mata suna ƙorafin jiri da ciwon kai, suna cewa zafin wuta ne.

Gwaggo a rumfar kwano take turara, mai zagaye da zana. Surukarta ta ba ni labari cewa wuta ta yi sanyi a ƙarƙashin duro, sai Gwaggo ta ɗebo gawayin cike da kwano, ta sunkuya ta watsa a kan garwashi. Wutar ta taso gaba ɗaya ta same ta a fuska da hannuwa, zanar ta kama. Maƙwabta suka kashe da ruwan jiƙon shinkafa, aka sa ta a a-daidaita-sahu zuwa asibiti.

Sai a ranar aka yarda da ni, kuma yardar ba ta yi amfani ba. Tsoro ya sa kowa ya nemi rabuwa da nasa. Wasu suka binne a bayan gida, kusa da rijiyoyin da muka yi shekaru muna tsotsewa. Wasu suka juye a kanal, ruwa ya tafi da shi gonaki. Shinkafar da aka turara a makon kuwa, dillalai a kasuwar Kura suka sansana suka ture, daga nan ko mai kyau aka kawo, in aka ji sunan unguwar sai a wuce.

Da aka sallamo Gwaggo na je gaishe ta. Hannuwanta a naɗe, yatsun ba sa lanƙwasuwa, numfashinta yana ƙara kamar ana jan zare. Likita bai ce gawayin ne ya taɓa ƙirjinta ba, bai kuma ce ba shi ba ne, don haka ni ma ba zan ce ba. Turara dai ba ta sake yi ba.

"Idi, ka zo ka ce ka faɗa mini?"

"A'a Gwaggo, sannu na zo yi."

"To zauna. Akwai kayanka a bayan rumbu." Ta yi tari ta huta. "Ranar rabo ba ka nan. Na ce ba zai yiwu mutum ya yi shekaru yana gadin abu a raba ba shi ba. Na sa aka fitar maka da kasonka, buhu guda. Ka ɗauke mini shi, don Allah, yaran nan suna wasa a wurin."

Na ɗaura buhun a keke na kai gida. Na nemi duro mai murfi na juye shi, na toshe, na liƙe bakin da kwalta, na shafa jan fenti, na ajiye a bayan ɗakina inda rana ba ta kai. Na tambayi duk wanda na sani inda ake kai irinsa. Injiniya ta bar Kano. Lambar masu motar ta daina shiga. Filin gidan man yanzu shanya ake yi a kansa, bututanmu sun karye a cikin ƙasa, rijiyar Gwaggo an rufe ta da farantin ƙarfe an ɗora dutse.

Duron yana nan. Kullum da safe ina taɓa jikinsa da bayan hannu, in shafa ruwan sabulu a bakin murfin. Na yi wa mai ɗakina bayani, na yi wa 'ya'yana, duk sun ce sun ji. Amma fentin yana kwailewa, ni kuma ƙafa ta fara nauyi. Ranar da aka kai ni makwanci mata za su taru a gidan nan, na kusa da na nesa, su ɗora tukwanen abincin masu gaisuwa. Itace zai ƙare musu. Wata a cikinsu, wadda ba ta taɓa jin wannan labari ba, za ta zagaya bayan ɗaki neman makamashi.